Ruwa ya ɓata gida, ga kuma niyyar ƙara sashe a baya: wanne za a fara?

Tambaya: Ruwan sama ya shigo mini gida, ya kwana biyu a falo da ɗaki ɗaya, tsayinsa ya ɗan haura idon sawu. Yau wata biyu ke nan, amma fenti sai ɓarewa yake daga ƙasan bango, ƙofofi sun kumbura, ga wani wari da ya ƙi fita. Dama ina da niyyar gina wa mahaifiyata ƙaramin sashe a filin bayan gida, ɗaki da falo da kicin da banɗaki. Kuɗin da ke hannuna ba za su ɗauki aikin biyu a lokaci guda ba. Mai fenti ya ce a kankare bangon a shafa fenti mai hana ruwa, shi ke nan. Ni kuma ina tunanin in fara gina sashen, mu koma ciki, sannan a gyara babban gidan a tsanake. Me ka gani?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma kada ka fara da sashen, kuma kada ka bari mai fenti ya ɗora buroshi a bangon nan tukuna. Kai kana ganin ayyuka biyu ne a gabanka, ni kuwa da na karanta tambayarka aiki ɗaya na gani: hanyar da ruwa ke bi a filinka. Ita ta ɓata maka falo, kuma filin bayan da kake son ginawa a kai yana cikin wannan hanya, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Sashe irin wanda ka kwatanta rufinsa zai kai murabba'in mita 50. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 40, wanda ba wani abin mamaki ba ne, lita 2,000 ke nan za ta zubo daga wannan rufi kaɗai, wato durom goma masu cin lita 200. A yau ƙasar bayan gidanka ce ke shanye wannan ruwa ko ta rage masa gudu. Ranar da ka ɗora gini a kanta, ka malale zagayensa da siminti, ruwan ba zai fasa sauka ba, sabon wurin zuwa zai nema. Kuma ya riga ya nuna maka inda ya fi kwari a gidan, domin can ya kwana biyu.

Saboda haka tambayar farko ita ce ta ina ya shigo, domin ruwa ba ya tsami banza. Bango da kansa yana faɗa wa mai lura. Tabo mai ruwan ƙasa a silin, ko wanda ya gangaro daga sama, yoyon rufi ne ko indararo da ya toshe. Danshin da ya tsaya a wuri guda kusa da banɗaki ko kicin, rani da damina ba ya gushewa, bututu ne ya fashe a cikin bango. Wannan gwada shi ba wuya: rufe duk famfunan gidan, ka duba ko mitar ruwa na juyawa, in kuma tanki kake da shi ka yi alama a matsayin ruwan da dare ka duba da safe. Wanda kuwa ya fara daga ƙasa ya yi layi a jikin bango kamar zanen ruwa a gaɓar rafi, ga wani farin gari kamar gishiri, wannan daga ƙasa yake hawowa ta ƙofofin bulo, kamar yadda lagwani ke jan mai. Da wuya ya wuce tsayin mita ɗaya ko sama da haka kaɗan.

Naka ya fi kama da na ukun haɗe da ambaliya. In an sake yin ruwa mai ƙarfi, ɗauki lema ka fita, kada ka tsaya ta taga. Zaga gidan. Duba inda ruwan indararo ke faɗuwa, inda yake taruwa, ko na maƙwabci ko na titi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko ta kwatar katanga. Minti goma a cikin ruwa zai koya maka abin da mai zane ba zai gani ba a ranar da rana ta take. Na taɓa duba wani gida da aka yi wa fenti sau uku cikin shekara biyu, kowane karo da wanda ya fi na baya tsada. Da na durƙusa a gindin bangon ta waje, sai na ga an zuba ƙasa an yi wurin shuka furanni manne da shi, ƙasar ta haura daɓen cikin ɗaki da kamar taƙi guda, kuma kullum safiya ana ba furannin ruwa. Na tura yatsa a filastar da ke bayan ganyen, ta burme kamar danƙon gari. Shebur ne ya gyara gidan nan: aka kwashe ƙasar, aka ja shukar baya, aka jira.

Ƙa'idojin da ke hana irin wannan ba su da yawa. Shimfiɗar da ke hana danshi hawa bango, wadda ake sawa a kan fandisho, ya kamata ta fi ƙasar waje tsayi da aƙalla santimita 15. Ƙasar da ke zagaye da gida kuma ta gangara nesa da bango, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Ruwan rufi a kama shi da bututu a kai shi nesa, kada a bar shi yana dukan gindin gini. Yawancin gidajen da na gani da wannan cuta an gina su daidai, daga baya ne aka yi ta ƙara ciko da daɓe a tsakar gida, ko titi ya yi ta tashi, har gidan ya zama shi ne rami.

Yanzu batun mai fenti. Ba ƙarya ya yi ba, fentin yana hana ruwa, matsalar ita ce yana hana shi ta fuska biyu. Ruwan da kake fama da shi a cikin bangon yake, fita yake nema. Ka rufe masa fuska, sai ya tura fentin ya yi bororo, ko ya ƙara hawa sama ya fito ta inda fentin ya ƙare, ko ya ɓulla ta ɗaya ɗakin. Farin garin nan kuwa gishiri ne da ruwa ya narkar daga ƙasa da siminti, in ruwan ya bushe sai ya bar shi. Idan ya daskare a bayan fenti ko a cikin filasta, shi ke cin ta har ta zama gari.

Bango ba ya bushewa da gaggawa. Magina na da wani ƙiyasi na tsohon hannu, cewa bango mai cikakken jiki yana bushe kaurin kamar santimita biyu da rabi ne a wata. Bulo mai rami ya fi haka sauri, yanayi mai zafi da iska ma yana taimakawa, amma wata biyu ba lallai ya isa ba, musamman in fenti na rufe da shi. Abin yi shi ne a sassaƙe filastar da ta lalace har zuwa kamar santimita 30 sama da inda danshin ya tsaya, a bar bulon tsirara, a buɗe tagogi, a sa fanka, in da hali a sa na'urar tsotse danshin iska. In bangon cikin gidan na allon jifsam ne a kan katako, ba a jiran ya bushe: yanke shi ake yi santimita 30 zuwa 60 sama da layin ruwa, a fitar da audugar hana zafi da ke ciki in ta jiƙe, a bar katakon ya sha iska.

Kada ka yarda da tafin hannu wajen cewa ya bushe. Samo leda mai kauri, faɗinta kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a bango ko daɓe da salatif ta gefe huɗu, iska ba ta shiga. Bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga gumi a cikinta, ko wurin ya yi duhu, akwai sauran ruwa a ciki. In gumin a bayan ledar yake, ta fuskar ɗaki, to iskar ɗakin ce ke da danshi, maganinta taga da iska. Katako kuwa akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake soka masa don auna danshinsa. Ruɓa ba ta kama katakon da danshinsa ke ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, amma ni ba na yarda a rufe shi sai ya sauko wajen 15.

Warin da ka ambata shi ya fi damuna, tunda dattijuwa ce za ta zauna kusa. Fumfuna na iya fara tsirowa a kan abu mai danshi cikin awa 24 zuwa 48, ruwanka kuwa kwana biyu ya yi. Ba a fili take zama ba. Ja kabad ɗin da ke jingine da bango ka duba bayansa, ɗaga kafet, ciro katakon gindin bango, leƙa ƙarƙashin kantar kicin. Kuma ruwan da ya shigo daga waje ba a ɗaukarsa a matsayin mai tsabta, domin ya biyo ta kwata da shara, wataƙila har da masai. Duk abin da ke shan ruwa kuma ba ya wankuwa, irin su katifa, soson kujera, shimfiɗar ƙarƙashin kafet da katakon nan na matsattsen diddiga da ke kumbura, rabuwa da shi ya fi. Abu mai tauri kamar tayil da ƙarfe a wanke da sabulu sosai, a bi da bilic da aka sirka. Kada a kuskura a haɗa bilic da wani maganin wanki mai amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne. A sa safar hannu da takunkumi mai tace ƙura. In fumfunar ta wuce faɗin murabba'in mita ɗaya, hukumar kare muhalli ta Amurka na ba da shawarar a nemi ƙwararru, ni ma haka zan ce. Mai asma da tsoho da jariri su bar gidan ranar aikin.

Abu biyu a gurguje. Duk soket da wayar da ruwa ya taɓa, mai wayarin ya buɗe ya duba kafin a ci gaba da amfani da su, domin tsatsa a ciki tana kawo zafi ko bayan watanni. In kuma gidan tsoho ne, a yi hattara da fasa silin ko kankare tsohon fenti a bushe, saboda asbestos (wani ma'adini mai zare da ake haɗawa a kayan silin, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu) da dalmar da ke cikin tsohon fenti. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978, Birtaniya ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999, amma abin da aka riga aka sa a gini yana nan inda yake.

Sai tsaga. Wadda ba ta fi silin gashi ba a filasta, ba komai. Wadda ta kai milimita 5 ko ta wuce, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko ta zo tare da ƙofar da ta daina rufuwa ba don kumburi ba, wannan magana ce ta fandisho. Ja layi da fensir a ƙarshenta, rubuta kwanan wata, ka duba bayan sati biyu. In tana tafiya, injiniya za ka kira, ba birkila ba. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, gini kuma ya yi ta hawa da sauka a kanta. Inda ka ga kankare ya ɓalle rodi ya fito da tsatsa, shi ma kada a liƙe shi da siminti kawai, domin tsatsa na ƙara wa ƙarfe girma, ita ce ta fasa kankaren tun farko.

Wannan duka zai ɗauke ka watanni, mafi yawansu na jira ne, ba na kashe kuɗi ba. To a cikin wannan jiran ne za ka yi aikin sashen Hajiya, a takarda. Tun ran gini ran zane.

Fara da hukumar da ke ba da izinin gini a inda kake, kafin ka biya mai zane. Tambaye su ko an yarda da gida na biyu a fili ɗaya, tazarar da za a bari daga katanga, iyakar tsayi, da kason filin da aka yarda a rufe da gini. Dokar ta bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. A jihar Kalifoniya, inda ake kiran irin wannan sashe ADU, tun daga 2020 ba a yarda ƙaramar hukuma ta nemi tazarar da ta wuce ƙafa 4 daga gefe da baya ba, ko ta hana mai faɗin murabba'in ƙafa 800, kuma dole ta yanke hukunci a kan takardar neman izini cikin kwana 60. Wasu wuraren kuwa ba su yarda da shi ba sam. Tambaye su kuma ko filinka na cikin yankin da suka ayyana na ambaliya. A Amurka, gidan da ke irin wannan yanki in kuɗin gyaransa ya kai rabin darajar ginin, doka na tilasta a daidaita shi da ƙa'idar ambaliya ta yanzu, wanda sau da yawa yana nufin ɗaga shi. Ka ga ke nan gyara da sabon gini na iya haɗuwa a tebur ɗaya. In kana da inshora, ɗauki hotunan komai kafin a sassaƙe ko a zubar, ka kuma karanta takardarka da kyau, domin da yawa suna bambanta ruwan bututu da ruwan ambaliya.

A zanen, ni ga abin da zan nace a kai. Daɓen sashen ya haura inda ruwan nan ya kai, da rata mai kyau, kuma a auna wannan da ma'aunin daidaito tun alamar ruwan ba ta goge daga bango ba. Wannan alama ita ce shaida mafi daraja da kake da ita, ka yi mata zane a wurin da ba za a shafe ba. Sai dai a nan akwai ja-in-ja, domin ɗaga daɓe na nufin matakala, gwiwar dattijuwa kuwa ba ta son matakala. Mafita ita ce gangare mai sauƙi, wanda a ƙa'ida kowace santimita ɗaya ta tsayi ke buƙatar 12 na tsawo. Tsayin santimita 30 zai ci mita 3 da santimita 60. Wannan fili ne da dole a ware masa tun a takarda, ba ranar da aka kawo keken guragu ba. Haka ƙofofi, a yi su da faɗin santimita 90, banɗaki kuma da tayil marar santsi da ƙarfen dafawa.

Kada a manna sabon gini da tsohon ba tare da shawarar injiniya ba. Tsohon ya gama zama, sabon zai ɗan nitse a shekarunsa na farko, in aka ɗaure su wuri guda mahaɗar ce ke tsagewa, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga, balle ruwa. Ko a raba su sarai, ko a bar tsaga ta musamman a tsakani a cike ta da abu mai laushi. Wajen haƙa ma akwai haɗari: ka ɗauka an ja layi mai karkatar digiri 45 daga gindin tsohon fandisho zuwa ƙasa, to kada rami ya shiga ƙarƙashin wannan layi, balle a ƙasar da ta sha ruwa kwanan nan. Siririn lungun da ake bari tsakanin gini biyu, wanda rana ba ta shiga kuma rufi biyu ke zuba a ciki, shi ne wurin da na fi samun danshi a irin wannan aiki. In dole ne a bar shi, a yi masa daɓe mai gangare da magudana.

Banɗaki da kicin na nufin ƙarin ruwan da kai da kanka za ka riƙa zubawa a filin kullum. Bututun ƙazanta na son gangaren kamar santimita 2 a kowace mita, in ya gaza haka ya riƙa toshewa. Wannan kaɗai na iya yanke maka hukuncin inda banɗakin zai zauna. In ba ka haɗe da babban bututun gari, a duba ko ramin masai da kake da shi zai ɗauki ƙarin mutane. Ramin tsotse ruwa ya nisanci kowane gini da aƙalla mita 5, ya kuma nisanci rijiya da aƙalla mita 15, wasu ƙa'idojin ma 30 suke cewa. A ƙaramin fili, wannan lissafi ne ke kashe zane da yawa. Wuta ma haka, a ba sashen nasa allon rarraba wuta, a kuma duba ko babbar wayar da ta shigo gidan za ta iya da ƙarin kaya. In akwai yiwuwar wata rana ka sa ɗan haya, raba mita tun yanzu ya fi sauƙi da arha a kan fasa bango daga baya.

Game da kuɗi, tunda ba za su kai duka ba, ga yadda zan raba su da ni ne. Kashin farko ya tafi kan tsayar da ruwa: rufi, indararo, gangaren ƙasa, magudana, kuma a yi magudanar da girman da zai ɗauki ruwan rufin sashen da ba a gina ba tukuna, don kada a haƙa sau biyu. Na biyu, fitar da abin da ya ruɓe, wayarin, da duk abin da injiniya ya ce game da tsaga. Waɗannan ba sa jira. Filasta da fenti da sabbin ƙofofi kuwa su ne na ƙarshe, za ka iya zama a falo mai tsiraicin bulo na wasu watanni, muni ne kawai, ba cuta ba. Ka kuma ajiye wani abu a gefe, domin a gidan da ruwa ya shiga, abin da ake tararwa bayan an buɗe bango kusan kullum ya fi abin da aka gani daga waje. Saboda wannan dalili, kada ka sa hannu da ɗan kwangila a kan jimilla ɗaya ta gyara da sabon gini tare. Sabon gini ana iya ƙiyasta shi daga zane, gyara ba a san iyakarsa sai an buɗe, in ka haɗa su ba za ka taɓa sanin wanne ya cinye kuɗin wani ba.

Tunaninka na komawa sashen kafin a gyara babban gida yana da wurinsa, in injiniya ya ce za a taɓa fandisho ko a fasa daɓe gaba ɗaya, har gidan ya ƙi zaunuwa. Ko a hakan ma magudana da bushewa ne a gaba, domin ruɓa ba ta tsayawa jiran ka gama gini. In kuwa ba a kai ga haka ba, bar gyaran hanyar ruwan ya ga damina ɗaya cikakkiya. In ta wuce falo a bushe, ledar gwaji ta fito ba gumi, alamar fensir a tsaga ba ta motsa ba, sai ka kira masu haƙa. Kafin nan, ka aiko mini da tsayin layin ruwan daga daɓe, da kuma ko daɓen falon ya fi tsakar gida tudu ko kwari, zan iya faɗa maka kusan inda daɓen Hajiya ya kamata ya tsaya.